Yadda Ake Gyara Bugun Golf da Ke Tashi ta Hagu

Ranar Asabar da safe, in ka tsaya bayan layin masu atisaye a filin golf, da wuya ka rasa mutum guda mai wannan ciwon. Ya buga, ƙwallo ta tashi ta hagu. Ya sake bugawa, hagu dai. A bugu na uku sai ka ga ya ɗan karkata ƙafafunsa dama, wai zai yi wa ƙwallon dabara. A na huɗu ya ƙara karkatawa. Kafin kwandon ya ƙare gabansa na kallon katangar dama, ƙwallo kuwa tana tafiya hagu abinta, har ma ta fi ta ɗazu nisa. Sai ya cusa sanda cikin jaka ya ce yau hannunsa ne bai tashi ba.

Ni ma na shekara guda cur ina wannan aikin, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya. Na gyara tsayuwa, na gyara kafaɗa, na gyara ƙugu, babu abin da ban taɓa ba sai abu ɗaya da ke taɓa ƙwallon, wato fuskar sanda. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Duk abin da zan faɗa a nan na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya maganar, inda na ce hagu ya karanta dama. Kuma ba zan tsaya koya maka yadda ake tsayuwa ko yadda ake ɗaga sanda ba, na ɗauka ka wuce nan.

Abin da ke aika ƙwallo hagu

Shekara da shekaru masu koyar da ƙwallon lambu, wato golf, suna cewa ƙwallo tana tashi ne ta inda kan sanda ya nufa a lilonsa, fuska kuma ita ke lanƙwasa ta daga baya. Har yau akwai tsofaffin 'yan wasa da za su rantse maka a kan haka. Masana kimiyya sun daɗe suna cewa ba haka ba ne. Theodore Jorgensen, malamin fiziks a Jami'ar Nebraska ta Amurka, ya yi bayanin lissafin a littafin da ya fitar a 1994, amma ba a saurare shi sosai ba sai da na'urorin auna bugu suka shigo. Kamfanin TrackMan na ƙasar Denmak, wanda aka kafa a 2003, ya kawo na'urar rada da ke bin kan sanda da ƙwallo a lokacin da suka haɗu, kuma alƙaluman da ta riƙa fitarwa suka kashe gardamar. Inda fuskar sanda ke kallo a daidai lokacin bugu shi ke da kusan kashi 85 cikin 100 na alƙiblar da ƙwallo za ta tashi in da direba ka buga, wato doguwar sandar bugun nesa, da ayan kuma, wato sanda mai kan ƙarfe, wajen kashi 75. Hanyar da kan sanda ya biyo tana da ɗan abin da ya rage. Babban aikin hanyar shi ne lanƙwasa: in fuska ta fi hanya kallon hagu, ƙwallo za ta lanƙwashe hagu a sama, in hanya ce ta fi fuska yin hagu, za ta lanƙwashe dama.

Haɗuwar ƙwallo da fuska ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Babu hannun da zai gyara wani abu a cikin wannan ɗan lokacin. Yadda fuska ta iso, haka za ta sallami ƙwallo.

Kuma kuskuren da ake magana a kansa ƙanƙane ne ƙwarai. Dubi agogon bango: tazarar minti ɗaya digiri 6 ce. In fuskar direbanka ta rufe, ma'ana ta juya hagu, da rabin minti kacal, wato digiri 3, a nisan yadi 200 ƙwallo ta riga ta kauce wajen yadi 9 hagu tun kafin a zo maganar lanƙwasa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan bai sani ba.

Mataki na farko: raba tashi da sauka

Yawancin masu cewa "ƙwallona na zuwa hagu" inda ta sauka suke nufi. Ba su ga inda ta tashi ba, don a lokacin kansu na ƙasa. Wannan shi ne abin da za ka fara ganowa, in ba haka ba duk gyaran da za ka yi lalube ne cikin duhu.

Samu kara guda, karan dawa ko na gero, mai tsayi kamar zuwa ƙirjinka. Akwai sandunan saiti da ake sayarwa masu launi, amma kara na fi so, don in ƙwallo ta doke shi karyewa zai yi, ba zai dawo maka da ita a goshi ba, kuma ko sisi ba ka kashe ba. Ajiye ƙwallo, ka tsaya bayanta ka zaɓi tuta ko bishiya guda. Sa wani ya kafa karan a tsaye, taku 4 gaban ƙwallon, daidai kan layin da ya haɗa ta da tutar, har sai karan ya rufe maka tutar in ka duƙa bayan ƙwallo. Ɗauki ayan 7. Ayan muke cewa, don in ka ce ƙarfe bakwai sai a duba agogo. Buga ƙwallo 10 daga wuri guda, shi kuma wanda ke tare da kai ya tsaya a baya yana faɗa maka ta wane gefen kara kowace ta wuce. In ba kowa, jingina waya a kan jaka daidai bayan layin, ka kunna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya.

In 7 ko 8 cikin 10 sun bi ta hagun kara, wannan rubutun naka ne. In ta daman kara suke wucewa sannan su lanƙwaso hagu, fuskarka ba ta kallon hagun tuta, matsalarka ta hanya ce, kuma wannan wata magana ce daban.

Yanzu dubi abin da ƙwallon ke yi bayan ta wuce karan. Wata za ta miƙe sak zuwa hagu kamar an ja zare. Wannan fuska da hanya duk sun yi hagu daidai wa daida, shi ya sa bugun ke da daɗi a hannu kuma yake yin nisa, sai dai a kan gidan maƙwabta. Wata za ta tashi hagu ta ƙara lanƙwashewa hagu, ta faɗi ƙasa tana gudu. Wannan fuska ce ta rufe fiye da hanya, kuma ita ce mafi cin ƙwallaye. Ta ukun ita ce mai rikita mutane: ta tashi hagu, sannan ta lanƙwaso dama. Mai wannan bugun yakan rantse fuskar sandarsa a buɗe take, wato tana kallon dama, tunda a dama ƙwallon ke sauka, sai ya ƙara rufe ta. Alhali fuskar tana kallon hagun tuta, hanyar ce kawai ta fi ta yin hagu. Misali fuska ta yi digiri 2 hagu, hanya ta yi 6. In ya ƙara rufe fuska har ta kamo hanya, lanƙwasa za ta ɓace, ƙwallo kuma ta tafi hagu sak, digiri 6. Ya yi maganin ciwon kai ya sayo na ciki.

Mataki na biyu: saita fuska kafin ƙafa

A nan sababbin 'yan wasa ke faɗuwa, kuma tsarin da suke bi iri ɗaya ne. Su zo su dasa ƙafafu, su gyara ƙugu, sannan su ɗora sanda bayan ƙwallo a matsayin abin ƙarshe. Juya tsarin. Fuska ce farko, jiki ya biyo ta.

Tsaya bayan ƙwallo ka nemi wani abu a ƙasa, taku ɗaya ko biyu gabanta, a kan layin tuta: busasshen ganye, tabon ciyawa, guntun ti, wato ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, da wani ya karya. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, haka yake yi kafin bugunsa. Saita fuska a kan abin da ke taku ɗaya gabanka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan saita ta a kan tutar da ke yadi 150. Ka zo gefen ƙwallo ƙafafu a haɗe, ka ɗora kan sanda yana kallon ganyen nan, sai ka buɗe ƙafafu. Layin ƙafafunka da layin ƙwallo kamar layin dogo suke, ba sa haɗuwa. Ƙwallo na kan ƙarfen dama mai zuwa tuta, kai kana kan na hagu.

To amma da wane ɓangaren fuska za ka saita? Kan ayan yana da baki biyu, na sama da na ƙasa. Idon sabon ɗan wasa na sama yake kamawa, don shi ya fi kusa da shi kuma shi ke ƙyalli. Bakin saman nan kuwa ba a miƙe yake ba. Fuskar ayan a kishingiɗe take, kuma ta fi tsayi a wajen hanci, wato ƙarshen da ke nesa da kai, a kan wajen diddige da ke kusa da ƙota. Saboda haka in ka leƙo daga sama za ka ga kamar bakin saman ya buɗe dama, ko da sandar tana daidai. Sai mutum ya murɗa ta ciki har bakin saman ya miƙe masa a ido, ya rufe fuska da hannunsa tun bai ɗaga sanda ba. Abin ya fi muni a weji, gajeriyar sandar bugun kusa, da ayan 9, waɗanda fuskarsu ta fi kwanciya.

Bakin ƙasa za ka duba, ko tsagar ƙarshe ta ƙasa cikin layukan da ke kan fuska. Ni nakan cika wannan tsagar da farin fenti, ko ruwan goge rubutu na 'yan ofis, don ido ya daina yawo. Je gida ka nemi bakin ƙofa ko layin tayil, ka jingina bakin ƙasan sandar da shi, ka tsaya kamar za ka buga, ka yi ta kallo. Zai yi maka kamar a buɗe yake. Haka daidai take kama. Yi haka minti 5 kullum har sati guda, sai idon ya saba.

Masu direba na zamani su duba wuyanta. In irin wadda ake kwancewa da makulli ce, ƙara mata kwanciyar fuska yana sa fuskar ta ɗan rufe in ka ajiye ta a ƙasa. Wasu kuma tun daga masana'anta an yi su ne don masu fama da dama, fuskarsu na kallon hagu da gangan. In gado ka yi ko a hannu ka saya, mai yiwuwa maganin ciwon wani kake sha.

Mataki na uku: riƙo

Fuska na iya kallon tuta a tsaye ta dawo a rufe a lokacin bugu, kuma sau da yawa riƙo ne ke jawo haka. Hannu yana da inda yake son komawa. Saki hannuwanka su yi reto a gabanka ka gani: tafukan ba sa kallon sama, suna ɗan kallon cinyoyinka ne. In ka murɗa su dama a kan mariƙi, to da gudu ya zo za su koma mazauninsu, su tafi da fuskar sanda hagu.

Riƙe sandar yadda ka saba, ka leƙa hannun hagu ba tare da ka karkata kai ba. Ƙirga ƙullin yatsun da kake gani a bayan hannun. Biyu, ko biyu da rabi, ita ce ƙa'idata. In kana ganin huɗu, ka sami ɓarawonka. Sannan dubi tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni a kowane hannu. Ya kamata su nuna tsakanin haɓarka da kafaɗar dama. In ta hannun dama tana nuna waje da kafaɗa, tafin ya shige ƙarƙashin mariƙi kamar mai tarar ruwa, kuma wannan hannun shi ya fi rufe fuska. Mutane na ta gyaran hagu suna mantawa da shi.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi. Riƙe sanda, ka ɗaga ta gabanka daidai cibiya, ƙota a kwance. Rufe ido, ka kaɗa ta hagu da dama sau 3 da sakakken hannu, ka tsaya inda hannun ya ga dama, ka buɗe ido. Bakin ƙasan ya kamata ya tsaya cak kamar hannun agogo a ƙarfe 12. In hancin ya rusuna hagu ya nufi 11, haka yake isowa ƙwallo. Kada ka murɗa hannu ka miƙar da shi, wannan yaudarar kai ce. Saki sandar gaba ɗaya, ka miƙar da fuska, sannan ka sake kamawa. Na sha ganin mutum ya riƙe sanda a rufe, ya ajiye ta bayan ƙwallo, ya ga ta karkace, ya juya wuyan hannu ta miƙe, ya buga, ya yi mamakin hagu. Ai ba abin da ya canza tsakanin tafinsa da roba.

Sabon riƙo ba daɗi. Kwana uku na farko za ka ji kamar sandar aro ce, kuma ƙwallaye da yawa za su tafi dama. Bar su su tafi. Masu komawa tsohon riƙo a rana ta biyu su ne waɗanda za ka tarar a wuri guda baɗi. Amma kada ka zarce. Ben Hogan, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, ya yi shekaru yana yaƙi da bugun da ke lanƙwashewa hagu, ya mayar da riƙonsa hagu har ya yi maganin abin, kuma littafin koyarwar da ya fitar a 1957 daga wannan yaƙin ya fito. Mutane da yawa da ba su da ciwonsa sun kwafi riƙonsa sun koma watsa ƙwallo dama. Matsa kaɗan, faɗin rabin ƙulli, ka gwada a kan kara, ka ƙara in da buƙata.

Duba robar mariƙin ma. Hunturu da zafin but ɗin mota suna busar da ita ta yi santsi, hannu kuma in ya ji santsi sai ya damƙe, a damƙa kuma hannun dama ne ke cin riba. Wanke ta da sabulu da buroshi kafin ka ce za ka sayi sabuwa. In kuma an taɓa sauya ta, kada ka yarda da zanen da ke jikinta, don mai sawa na iya sa ta a karkace.

Mataki na huɗu: zaman sanda a ƙasa

Wannan shi ne wanda ya ci mini shekara, don haka ka yi haƙuri in daɗe a kansa.

Sandunana na farko na gwanjo ne, saiti guda a tsohuwar jaka, na same su da araha ina ta murna. Ni ba dogo ba ne. Wanda aka yi wa su kuwa da alama zai sunkuya kafin ya shiga ƙofar ɗakina. Na gyara saiti, na gyara riƙo, dogayen sanduna suka fara jin magana, amma ayan 9 da weji suka ƙi. In na rage yadi 100 zuwa tuta, sai na tsinci ƙwallo a ramin yashin hagu. Wani dattijo mai ɗaukar jaka, wanda ya fi shekarun da na yi a duniya yana yawo a wannan filin, ya gaji da kallona wata rana. Ya tsuguna inda na sari ƙasa, ya sa yatsa a ramin ya ce, "Alhaji, zo ka gani. Nan ya yi zurfi, nan ko ciyawa bai taɓa ba." Wajen diddige ya nutse, wajen hanci ko ƙwarzane babu. Na ce, "To Baba, hannuna ne?" Ya ce, "Sandar ce ba taka ba."

Ya ciro cingam daga bakinsa ya manna a tsakiyar fuskar wejin, ya dasa ti a kai, tsininsa na nuna inda fuska ke kallo. Ya ajiye sandar daram a ƙasa, ti na nuna tuta. Sai ya sauke mariƙin ƙasa kaɗan har hancin sandar ya ɗaga sama, bai murɗa komai ba, bakin ƙasa na nan yana fuskantar tuta. Ti ya juya ya kalli hagu. Na sa ya maimaita sau 3 don ban yarda ba.

Dalilin shi ne kwanciyar fuska. Fuskar da ke kallon sama, in ka karkatar da ita gefe, wani ɓangare na kallon saman nan sai ya koma kallon hagu. Shi ya sa abin ya fi tsanani a weji, ya ragu a ayan 5, a direba kuma da ƙyar za ka lura. In gajerun sandunanka ne kaɗai ke zuwa hagu, fara zargin wannan kafin ka zargi lilonka.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ja layi mai kauri da alƙalamin maka a jikin ƙwallo, ka ajiye ta layin a tsaye yana fuskantar fuskar sanda, ka buga daga wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe. Tawadar za ta fito a kan fuska. In layin ya tsaya cak a kan tsagogin, sandar ta zauna daidai. In samansa ya karkata wajen hanci, hancin a ɗage yake lokacin bugu, kuma ƙwallonka hagu za ta. Yi sau 5 da kowace sanda, kada ka yanke hukunci da bugu ɗaya. Masu sandunan kamfanin Ping su duba ɗigon launi da ke jikin kan: baƙi shi ne na tsaka-tsaki, shuɗi da kore da fari na waɗanda aka miƙar wa dogaye ne, ja kuma an kwantar da shi. Nawa fari ne, ni kuwa na ɗauka ado ne.

Gyaran shi ne a lanƙwasa wuyan sandar digiri 1 ko 2, kuma akwai na'urar da aka yi don haka. Tambayi ƙwararren kulob ɗinku, a manyan filaye irin na Abuja da Legas an fi samun mai yi. Kada ka kai wa mai walda, kada ka sa a bakin mataki ka taka. Ayan ɗin da aka ƙera da dukan ƙarfe mai laushi yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, wanda aka zuba a mazubi kuwa yana da taurin kai, yana iya karyewa. In gyaran ya gagara, riƙe sandar ƙasa kaɗan da ƙarshen mariƙi kuma ka matso kusa da ƙwallo don hannuwanka su ɗaga. Ba magani ba ne, amma zai kai ka ƙarshen wata.

Sauran abubuwan dubawa

Wurin ƙwallo tsakanin ƙafafu. Kan sanda da'ira yake zagawa, kuma bayan ya wuce ƙasan da'irar ciki yake komawa, fuska na rufewa. In ƙwallo ta yi gaba da yawa wajen ƙafar hagu, a makare za ka same ta, kuma kafaɗunka ma sun buɗe hagu garin miƙa mata. Ayan 7 a tsakiya ko faɗin ƙwallo ɗaya gaba da tsakiya, direba daidai cikin diddigen hagu. Mayar da ita baya faɗin ƙwallo ɗaya ka sake gwajin kara. Sau da yawa shi ke nan.

Inda ƙwallo ke dukan fuska, musamman a direba. Fuskar direba tana da ɗan doro, ɓangaren diddige yana kallon hagu kaɗan. In a nan kake samun ƙwallo, za ta tashi hagu ta lanƙwaso dama ko da komai naka daidai ne. Shafa alli ko hoda a fuskar ka buga, tabon zai gaya maka.

Sai wuyan hannun hagu a ƙolin lilo. Sa a ɗauke ka hoto daga baya. In fuskar sanda na kallon sama kamar faranti, a rufe take. Za a ce maka ai manyan 'yan wasa irin su Dustin Johnson da Jon Rahm haka suke tanƙwara wuyan hannu. Gaskiya ne, amma dubi yadda ƙugunsu da ƙirjinsu ke juyawa kafin sanda ta iso. Kai da jikinka ke tsayawa hannu ya wuce shi kaɗai, fuskar rufewa za ta yi. Ci gaba da juya ƙirji har maɓallin rigarka ya kalli tuta.

Wanda ƙwallonsa ke tashi hagu ta lanƙwaso dama, bayan ya gyara fuska sai ya koma kan hanya. Ajiye rigar kan direba a ƙasa, ɗan bayan ƙwallo ta gefen waje, ka buga ba tare da ka taɓa ta ba. Za ka doke ta sau da yawa kafin ka daina.

A cikin fili kuma akwai hagun da ba laifinka ba. In ƙwallo ta fi ƙafafunka tudu, hancin sanda a ɗage yake kamar wejin da Baba ya nuna mini, don haka riƙe ƙasa ka saita dama kaɗan, kuma ka ƙara in gajeriyar sanda ce. Doguwar ciyawar damina takan naɗe wuyan sanda ta rufe fuska, sai ka ɗan buɗe ta tun farko ka ƙara damƙe hannun hagu. Kara da sandar saiti kuwa na wurin atisaye ne. A cikin zagayen wasa doka ta hana ka ajiye wani abu a ƙasa don saita tsayuwarka, kuma tun 2019 ta hana mai ɗaukar jakarka tsayawa a bayanka kan layi da zarar ka fara gyara tsayuwa. Kowanne hukuncinsa ƙarin bugu 2 ne a wasan ƙirga bugu. Ganyen da ka tarar a wurin dai babu wanda zai hana ka kallonsa.